Zaren ajiya a bayan igiyar fatsar ƙuda: Dacron ko Dyneema?

Igiyar da ake jefa ƙudan ƙarya da ita don kama kifi ba ta da tsawo, ƙafa 90 zuwa 100 ce, wajen mita 30. Kifi mai ƙarfi yana iya janye ta kaf cikin 'yan daƙiƙoƙi. Shi ya sa ake fara naɗa siririn zare, wato zaren ajiya, a kan kwarkwaro (abin naɗe igiya da ke jikin sandar fatsa) kafin a ɗaura igiyar. Zaren yana kuma cika cikin kwarkwaron, sai igiyar ta kwanta a da'ira mai faɗi, ba ta nannaɗewa sosai, kuma kowane juyi na hannu yana dawo da ita da sauri.

Iri biyu za ka tarar. Dacron saƙaƙƙen zaren foliyesta ne, yana da araha, yana da taushi a hannu, ƙulli kuma yana kama shi da kyau. Na laba 20, wato mai jure jan kusan kilo 9 kafin ya tsinke, yadi 50 zuwa 100, ya wadatar wa mai kama kifin rafi. Mai neman kifin salmon ko manyan kifayen teku ya ɗauki na laba 30, yadi 200 ko fiye.

Ɗayan, wanda ake saƙawa da Dyneema ko Spectra, wato wasu zaruruwan roba masu ƙarfi sosai, ya fi siranta nesa ba kusa ba, don haka kwarkwaro ɗaya zai ci tsawo mai yawa. Amma yana da tsada, yana da santsi, kuma in kifi na gudu ka kuskura ka taɓa shi, zai tsaga maka yatsa kamar reza. In ba a naɗa shi tamau ba, yakan nutse cikin kansa ya cije daidai lokacin da kifi ke ja. Ni dai ba na ba kowa shawarar sayensa sai in kwarkwaronsa ƙarami ne kuma kifin da yake nema mai dogon gudu ne, irin tarpon, wani babban kifin teku.

Kafin ka biya kuɗi, duba wutsiyar igiyarka. In masana'anta sun yi mata madauki, ka yi wa zaren babban madauki da ƙullin Bimini, wanda kwarkwaro zai iya wucewa ta cikinsa, ka sarƙa su. Canza igiya ba ya buƙatar almakashi ke nan. In babu madauki, ƙullin Albright ne abin yi: lanƙwasa bakin igiyar, zagaya zaren sau goma a kai, jiƙa shi, ja a hankali har zagayen su jeru. Da Dyneema sai ka ƙara yawan zagayen saboda santsinsa. Bayan haka ka zura ƙullin ta zobban sanda ka ji ko yana sarƙewa, domin gara ka gane a gida.

Ka zaɓi launi mai haske, ruwan lemo ko rawaya, don ka riƙa ganin inda kifi ya nufa. Kada kuma ka cika kwarkwaro maƙil, bar ɗan fili yadda igiya ba za ta goga jikin ƙarfe ba.