Wankin ƙoda ko rigakafin zazzaɓin yara: wanne za a fara?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko jihar da kuɗin lafiyarta bai taka kara ya karya ba ta fi dacewa ta zuba shi a wankin ƙoda, ko a rigakafin zazzaɓin cizon sauro na yara. Ga yadda na auna su.

Masu goyon bayan rigakafi suna ƙirga rayukan da kowace naira za ta ceta. Tun 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa bai wa yara 'yan ƙasa da shekara biyar magani duk wata a lokacin damina a yankin Sahel, kuma abin da ake kashewa kan yaro guda a damina ɗaya bai kai kuɗin wanki sau ɗaya ba. Shi kuwa wanda ƙodarsa ta mutu, sau biyu ko uku a mako ake ɗora shi a kan na'ura, kowane zama kusan awa huɗu, har ƙarshen rayuwarsa in ba a yi masa dashe ba. Kuɗinsa na shekara zai kare ɗaruruwan yara.

Ɗaya ɓangaren na cewa rai ba a saka shi a ma'auni. Yaran da za a kare ba wanda ya san sunayensu, amma majinyacin ga shi kwance, ƙafafu sun kumbura, numfashi na sarƙewa, 'yan'uwa sun sayar da gona sun kawo shi, kamar yadda mutanen Gashuwa ta jihar Yobe, inda ciwon ƙoda ya yi yawa, suka daɗe suna gani. Juya masa baya saboda jinyarsa da tsada tamkar hukunta shi ne kan jarrabawar da bai zaɓa ba. Amurka ta bi wannan hanya a 1972, inda gwamnati ta ɗauki nauyin wankin kusan duk mai buƙata, sai dai aljihunta ba irin namu ba ne.

Afirka ta Kudu ta fi kusa da halinmu. A 1997 wani mai ciwon ƙoda, Thiagraj Soobramoney, ya kai ƙara bayan asibitin gwamnati a Durban ya hana shi wanki saboda ƙarancin na'urori, Kotun Tsarin Mulki ta bai wa asibitin gaskiya, shi kuma ya rasu ba da jimawa ba. Hukuncin na da ɗaci, amma asibitin yana da rubutacciyar ƙa'ida wadda ta hau kan kowa, ba sai mai uwa a gindin murhu ba.

Ni dai rigakafi na fifita, tare da awon hawan jini da ciwon suga a ƙananan asibitoci, domin su ne kan gaba wajen kashe ƙoda. Wankin kuma kada a rufe shi. A ware masa kaso sananne, a fara da waɗanda ƙodarsu ta tsaya farat ɗaya, kamar mai jegon da ta zubar da jini, wadda sau da yawa wanki kaɗan ke ishe ta ta koma ɗakinta.