Kiɗan tsirkiya da kuɗin dala: abin da na gani a Bandcamp

Ni malamin sakandare ne a Katsina. Duk wanda ya taɓa zama gaban tulin takardun jarrabawa na aji huɗu bayan sallar isha'i ya san shiru kaɗai ba ya riƙe mutum, kafin ka kai takarda ta goma gyangyaɗi ya ɗauke ka. Waƙoƙin da ake yayi kuma, masu gangar kwamfuta da muryar da aka tace har ta daina kama da ta ɗan Adam, ba na iya duba takarda da su, sai in tarar na ba yaro maki bakwai inda uku ya ci. Abin da kunnena ke so shi ne mutum ɗaya ko biyu da abin kiɗansu, ba a jona wa wuta ba. Da kaset ɗin Ɗanmaraya Jos aka rene mu a gidanmu, kuntigi mai tsirkiya ɗaya tal, da gurmin Haruna Uji, ina jin can abin ya samo asali.

Neman irin wannan kiɗa ne ya kai ni Bandcamp, yau shekara biyu ke nan da 'yan watanni. Shafi ne na Amurka da ya fara aiki a 2008, inda mawaƙa masu cin gashin kansu, waɗanda ba wani babban kamfani a bayansu, da ƙananan kamfanonin faifai ke kasa hajarsu. Ba kuɗin wata ake biya ba kamar Spotify ko Boomplay. Kasuwa ce: ka ɗanɗana, in ya yi maka ka saya, ka sauke ya zama naka. Mai waƙa shi ke yanka farashi, wani ya ce dala bakwai, wani ya ce ka ba da abin da ya sawwaƙa, ko da ba ko sisi. Shafin na cire kashi 15 cikin 100 na cinikin waƙar da aka sauke, ya ragu zuwa kashi 10 idan cinikin mutum ya haura dala 5,000. Bayan ladan masu sarrafa kati, abin da ke isa hannun mai waƙa ko kamfaninsa ya kan ɗara kashi 80. Wannan lissafin ne ya fara jan hankalina, don a Spotify tun daga 2024 waƙar da ba a saurara sau 1,000 cikin shekara ba, ba ta jawo wa mai ita komai. Irin mawaƙan da nake bi kuwa da yawansu a wannan sahun suke.

Daren farko ban san me zan nema ba, sai kawai na rubuta "Niger" a gurbin bincike. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Na faɗa kan kundin farko na Les Filles de Illighadad, wanda wani ƙaramin kamfani mai suna Sahel Sounds ya fitar a 2016. Illighadad ƙauye ne na Abzinawa a yankin Abalak, jihar Tawa. Rabin kundin Fatou Seidi Ghali ce da jitar katako, tana kaɗawa a hankali tana rerawa da harshen Tamashek, kuma a fili aka ɗauki muryar, ba a ɗakin naɗar sauti ba. Ɗaya rabin kuma tende ne. Na sa abin ji a kunne, biro a hannu, sai na ji wani sauti da na sani amma na kasa tuna inda na san shi. Da na karanta bayani ashe turmi ne, turmin daka, aka ɗaure masa fatar akuya a baki, mata suka kewaye shi da tafi da amshi. Na cire abin kunnen na miƙa wa uwargida, ta saurara kamar minti ɗaya, ta ce, "Malam, ai wannan lugude ne aka yi wa kwalliya." Ba ta yi ƙarya ba. A daren nan takarda shida kawai na duba.

Sahel Sounds ɗin nan wani Ba'amurke ne ya kafa shi, Christopher Kirkley, mazaunin Portland. Ya zauna a Kidal ta arewacin Mali, ya tarar mutane na musayar waƙoƙi daga waya zuwa waya ta Bluetooth da katin memori, ya tattara wasu, ya bi sawun masu su, ya fitar da kundin Music from Saharan Cellphones a 2011. A cikinsa ne duniya ta fara jin Mdou Moctar, makaɗin jita ɗan Nijar, wanda yanzu ke cika dandali a Amurka da Turai. Ga inda abin ya tsaya mini a rai: kundinsa na farko, Anar, a Sakkwato ya naɗe shi a 2008, da salon tace murya irin na waƙoƙin finafinan Hausa. Wato waƙa ta tashi daga Sakkwato, ta ratsa hamada cikin wayoyin direbobi da fatake har Mali, Bature ya tsince ta ya kai Amurka, sannan ni da ke Katsina, ga Jibiya ga Maraɗi a bakin hancina, sai ta shafin Amurka na ji ta, da dala kuma. Na yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba.

Yadda ake tsintar sabon abu a Bandcamp shi ne abin da ya fi burge ni, kuma shi zan fi daɗewa a kai. Sauran manhajoji kwamfuta ce ke zaɓo maka: ka saurari waƙa ɗaya mai sanyi, ta jero maka hamsin masu kama da ita har ka rasa gane wace ce wace. A nan kuwa, ƙarƙashin kowane kundi akwai 'yan ƙananan hotunan mutanen da suka saye shi, wasu har da layi biyu ko uku na dalilin da ya sa suke son sa da waƙar da ta fi kwanta musu. Ka taɓa hoton mutum, sai ga duk abin da ya taɓa saya a jere, kamar ka shiga ɗakin wani ya buɗe maka akwatin kasusuwansa na kaset. In ɗanɗanonku ya zo ɗaya sai ka bi shi, duk abin da ya saya nan gaba za ka gani. Akwai wani da nake bi, ban san sunansa na gaskiya ba, ban san ƙasarsu ba, hoton kyanwa ya sa. Abin da na sani shi ne kunnensa bai taɓa yaudarata ba. Ta dalilinsa na san Elizabeth Cotten, baƙar fatar Amurka 'yar jihar North Carolina da ta rasu a 1987. Bahaguwa ce, sai ta juya jitar na-dama ta kife ta ba tare da ta sauya jerin tsirkiyoyin ba, babban yatsa na fitar da waƙa, manuniya na riƙe da ƙasa, akasin yadda kowa ke yi. Muryarta ta tsufa ce, tana rawa, wani lokaci ma ba ta kai inda take nufi. Na fi sauraron ta da asuba kafin gari ya cika da ƙarar babura.

Akwai kuma mujallarsu, Bandcamp Daily, mai kawo rubuce-rubuce kan mawaƙa da garuruwa. Da Turanci take, wasu marubutan kuma sun cika kwarzanta abu. Na kan leƙa jefi-jefi.

Maganar sauke waƙa. Idan ka saya za a tambaye ka irin fayil ɗin da kake so: MP3, FLAC, WAV da wasunsu. Ni da rawar kaina na karanta an ce FLAC ya fi inganci, na danna shi a saye na farko. Kundi ɗaya ya lashe mini data wajen mega 300, a tsakiyar wata, albashi ya yi nisa. Laifina ne, ba wanda ya aike ni. Kuma da wayata da abin kunne na naira dubu huɗu, wallahi ban ji bambancinsa da MP3 ba. Tun daga nan MP3 mai lamba 320 nake ɗauka, kundi na minti 40 bai cika wuce mega 100 ba. Abin da ka saya yana nan a ma'ajiyarka, ko waya ta ɓata ko ta faɗa ruwa kana iya sake saukewa ba tare da ƙarin kuɗi ba, babu kuma wani makulli a jikin fayil ɗin. Kafin saye ana iya sauraron yawancin waƙoƙi kyauta, sai dai in ka maimaita wata kamar sau uku, saƙo ya kan fito cikin raha yana cewa lokacin buɗe lalita ya yi. Ban ga laifinsu ba, banza ba ta kai zomo kasuwa.

Inda gizo ke saƙa shi ne biya. Farashi da dala yake, ko fam ko yuro, gwargwadon inda mai waƙa yake. Lokacin da na fara, katin bankina na naira ba ya aiki a shafukan waje, na gwada sau uku yana dawo da ni. Sai da na bi ta hannun ƙanena mai asusun dala, in tura masa naira ya biya mini, kowane karo sai ya yi mini tsiya: "Yaya, kai kaɗai ne na sani a Najeriya da ke sayen waƙa." Ga kuma canji. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 dala ta yi tashin gwauron zabo, daga wajen 460 har ta haura 1,500 a farkon 2024. Kundin dala bakwai ya koma sama da naira dubu goma, cefanen yini guda ke nan na gidana, har da canji. Don haka na kafa wa kaina doka: kundi ɗaya a wata, sauran su jira a jerin abubuwan da nake buri, wanda shafin ke ba ka damar tarawa. Yanzu sun kai arba'in da wani abu. Kuma na kan jira ranar da suke kira Bandcamp Friday, wadda suka ƙirƙiro a Maris ɗin 2020 lokacin da korona ta hana mawaƙa fita wasa. A ranar shafin ba ya cire kasonsa. Ba kowane wata ake yi ba yanzu, suna sanar da ranakun tun da wuri. Da agogon yammacin Amurka suke lissafi, saboda haka a wurinmu tana farawa ne da ƙarfe takwas ko tara na safiyar Juma'a, ta kai har safiyar Asabar.

Wani abin da ke sa ni ɗari-ɗari: kamfanin ya sauya hannu sau biyu cikin ƙanƙanin lokaci. Epic Games ya saye shi a 2022, ya sayar wa Songtradr a 2023, aka sallami kusan rabin ma'aikata. Ni dai ban ga wani abu ya canza a ɓangaren mai saye ba, amma duk abin da na saya ina ajiye kwafinsa a katin memori da kuma kwamfutar gida.

Makaɗanmu na gargajiya fa? Abin da na samu kaɗan ne ƙwarai. Masu gurmi da garaya da kukuma da molo suna nan da ransu a kasuwannin ƙauye da gidajen biki, amma wa zai buɗe musu shafi, da wane asusun dala za a biya su? Na tsofaffin kuma sai a YouTube, inda wanda ya ga dama ya ɗora, ba tare da an san ko iyalansu na ganin ko kwabo ba. Na san abin zai yiwu, don a 2020 Sahel Sounds sun yi jerin Music from Saharan WhatsApp: mawaƙi ya naɗi waƙoƙinsa da waya, ya tura ta WhatsApp, a sa a Bandcamp na wata ɗaya, kuɗin duka ya tafi wurinsa. Waya ce kawai, irin wadda ke aljihun kowa.

Raba abin da na tsinto shi ne rabin daɗin, nan ne kuma na shiga tsaka mai wuya. Muna da majalisa a ƙofar shagon wani abokina mai cajin waya, da daddare na kan zo da 'yar sifika in sa musu abin da na samo. Wasu su ce wannan kiɗan jana'iza ne, wasu su yi tsit. Wanda ya ji daɗi kuwa maganarsa ɗaya ce: "Malam, buɗe Xender." Mu da muka saba kai memori wurin masu tura waƙa a cika mana da naira ɗari, wa zai fahimci ka ce a'a? Kuma da wane baki zan hana, alhali ta wannan hanyar ce Mdou Moctar ya isa kunnen duniya? Matsayar da na ɗauka, ban ce ita ce daidai ba: waƙa ɗaya na kan tura, kundi duka kuwa sai dai in ba ka adireshinsa ka je ka saurara a can. Akwai ma hanyar saya wa wani kyauta, a tura masa ta imel. Sau ɗaya na yi, ga wani tsohon malaminmu da ya yi zaman Agadas yana saurayi. Washegari ya kira ni, bai ko amsa gaisuwa sosai ba ya ce, "Kai yaro, ina ka samo mutanen nan?" Muka yi rabin awa yana ba ni labarin wata motar ɗaukar kaya da ta lalace musu a hanyar Tawa, har katinsa ya ƙare.

Wanda ke son waƙa ta yi ta zuba kamar famfo yana harkarsa, ya zauna a Audiomack ko Boomplay, sun fi sauƙi, sun fi araha, waƙoƙin gida kuma sun fi yawa a can. Bandcamp na mai haƙurin tono ne, wanda zai iya zama da kundi ɗaya wata guda. A nawa ma'aunin na ba shi huɗu cikin biyar, ɗayan da na riƙe na dala ne.

Wannan watan Sousoume Tamachek na Mdou Moctar ke kan layi, na 2017, wanda ya yi shi a natse ba tare da hayaniyar ganguna ba. Na riga na tura wa ƙanena kuɗin tun ranar Talata, ya amsa da hoton fuska mai dariya.