Na ɗanɗana rum ɗin sojan ruwan Ingila

Wannan dai ga masu sha ne, in ba ka sha to ka wuce kawai ba rigima. Jiya da daddare a Landan abokina ya buɗe mana kwalbar Pusser's Gunpowder Proof, irin haɗin rum ɗin (giyar rake) da ake raba wa sojan ruwan Ingila kullum a jirgi har zuwa 31 ga Yuli 1970 da aka daina. Kalarta kamar shayin da ya ji ganye, ina kai kofin hanci sai ƙamshin mazarƙwaila da dabino ya bugo ni, can ƙasa kuma wani ɗan ƙauri kamar sukari ya kama a tukunya, an ce tukunyar katako ta Port Mourant da ake dafa giyar a ciki a ƙasar Guyana ce ke ba ta wannan nauyin kuma gaskiya ana jin sa a harshe. Ƙarfinta 54.5 cikin ɗari fa, kurɓar farko sai da ta kawo min ƙwalla! Da na ɗiga ruwa kaɗan sai ta kwanta, zaƙin ya fito da ɗan yaji kamar kanumfari, ya daɗe a maƙoshi. Ni dai ba zan ɓata ta da lemo ba, rabin ƙaramin kofi ya ishe ni har muka tashi hira.