Kwana 14 a gidan Panchakarma a Kerala

Salam 'yan uwa, masu tambayata ya aka ƙare da wankin ciki na Indiya da ake kira Panchakarma, ga yadda ta kaya. Ciwon baya da kumburin ciki suka kai ni wani ƙaramin gidan Ayurveda, wato maganin gargajiyar Indiya, kusa da birnin Kochi a jihar Kerala. Panchakarma ayyuka 5 ne, sa amai, sa zawo, ɗura ta dubura, ɗiga mai a hanci da fitar da jini, amma likitan da ya taɓa jijiyar hannuna ya duba harshena yace biyu sun ishe ni.

Wallahi farkon ne wuya, kullum da sassafe zaka sha man shanu mai magani ciki ba komai kuma kullum ƙara shi ake, rana ta huɗu ko ƙamshinsa bana son ji. Tausa da man riɗi mai ɗumi da sirace kuwa ba a magana, kuma maza ke yi wa maza, hankalina ya kwanta sosai. Abinci kunun shinkafa, ba nama ba yaji.

Cikina ya sace, barci ya dawo, bayan dai sauƙi kaɗan. Abin da ya ɓata min rai, sai ranar sallama suka kawo kuɗin magungunan da ba su faɗa min tun farko ba. Mai hawan jini ko suga don Allah ya fara ganin likitansa kafin ya sayi tikiti.