Oyez: shafin sauraren alƙalan Kotun Ƙolin Amurka

Mai son bin diddigin aikin alƙalin Kotun Ƙolin Amurka zai ji daɗin shafin Oyez, kuma kyauta ne. Akwai tarihin kowane alƙali a taƙaice, sai dai ba nan ƙarfinsa yake ba. Ƙarfinsa sauti ne: muryoyin zaman kotun tun daga Oktoban 1955, lokacin da aka fara naɗa.

A gwada da Thurgood Marshall, baƙar fata na farko a kotun. Shafinsa zai ba ka kwarangwal ɗin: alƙalin kotun ɗaukaka ƙara a 1961, lauyan gwamnatin tarayya a gaban Kotun Ƙoli a 1965, Shugaba Lyndon Johnson ya naɗa shi alƙalin Kotun Ƙoli a 1967, ya yi ritaya a 1991. Daga nan ka nemi shari'ar Cooper v. Aaron ta 1958, ka ji shi yana lauya, alƙalai na yi masa tambayoyi. Sannan ka buɗe wata ta bayan 1967, inda shi ne mai tambayar. Rubutu na tafiya tare da murya, in ka taɓa layi sautin ya koma daidai wurin. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne, domin kafin 2004 rubutun kotun ba ya ambatar sunan alƙalin da ya yi tambaya; Oyez ne ya bi muryoyin ya liƙa sunaye. Kowace shari'a kuma tana nuna wanda ya bi rinjaye da wanda ya saɓa.

Inda ake yin tuntuɓe: mutane kan nemi muryar Marshall a Brown v. Board of Education, shari'ar da ta haramta wariyar launin fata a makarantun gwamnati wadda ya yi lauya a cikinta, alhali an yanke ta a 1954, kafin a fara naɗar murya. Tsofaffin sautukan wasu na da hayaniya, sai da abin saƙalawa a kunne. Ganawar sirri da alƙalai tara ke yi kafin hukunci ba a naɗarta, don haka kada a auna ra'ayin alƙali da zafin tambayarsa. Wani kan matsa wa ɓangaren da zai mara wa baya.

Taƙaitawar hukuncin gajera ce ƙwarai. Ɗalibin lauya ya bi mahaɗin da ke kai shi cikakken rubutun a Justia, shafin da ke wallafa hukunce-hukuncen kotu, kafin ya kafa hujja da ita. Komai da Turanci yake.