Katun ɗin dabbobin da ya nemi wanke kura a gidanmu

Hutun makaranta ne ya kai ni ga wannan katun. Yara uku a gida, ga zafin bazara, ga ƙorafin maƙwabta a kan ƙwallon da ke faɗawa gidansu kullum. Ranar da na shiga kasuwar Sabon Gari sayen kayan miya sai na tsaya wurin wani yaro mai tura fina-finai, na ce ya sa mini abin yara a memori, amma ban da na faɗa da harbe-harbe. Ya ce akwai wani na dabbobi da aka juya zuwa Hausa, iyaye mata suna yawan karɓa. Ya tura mini kashi ashirin, kowanne bai wuce minti goma sha ɗaya ba. Yau sati shida ke nan, kuma babu kashin da ban gani sau uku ba, ba don ina so ba, sai don wayata ce ake kallon da ita.

Tsarinsa mai sauƙi ne. Wani tafki ne a tsakiyar daji, rani ya yi, ruwa ya ja baya, dole kowace dabba ta zo nan ta sha. A kowane kashi wata matsala ke tasowa tsakaninsu, su warware, sannan a ƙarshe a nuna hoton dabbar ta gaskiya tana yin abin da aka gani a zanen. Wannan ɗan guntun na ƙarshe shi ya sa na daina ɗaukarsa abin rage wa yara lokaci kawai.

Rigimar ta fara ne daga kura.

Surukata, Hajiya, tana zaune a tabarmarta tana jan carbi lokacin da aka nuno kurar. Kurar mace ce, ita ce shugabar danginta, ba ta da yawan magana, ba ta da fara'a, amma ba ta yin abu sai ta auna. Ita ke raba wa 'yan'uwanta wuraren da za su tsaya idan za a fita farauta, ita ke ƙirga 'ya'ya kafin a shiga rami. Idan ta tsorata ko ta rasa abin yi sai dariya ta kufce mata, ta ji kunya, ta sunkuyar da kai. Hajiya ta ajiye carbin ta ce, "Yau nake ganin ikon Allah. Kura ce aka ba sarauta? Kurar da Gizo ke sa wa ta ɗaure kanta da kanta?"

Ban ga laifinta ba, domin ni ma da waccan kurar na tashi: mai kwaɗayi, mai wauta, ga tsoro ga ban tsoro, wadda duk tatsuniyar da ta shiga sai ta fito da duka ko da ƙonannen baya. Ko a fili ma, kurar da muka sani ita ce ta gardawa, da takunkumi a baki da sarƙa a wuya, har aka yi mata karin magana, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Sai abin ya tsaya mini a rai, na je na karanta. Ashe masu katun ɗin ba son kai suka yi mata ba. Kura mai dabbare-dabbare mafarauciya ce ta gaske, yawancin abin da take ci ita ke kashe shi da kanta. Matan sun fi mazan girma, kuma su ke mulkin dangi. Wani masani mai suna Hans Kruuk, da ya zauna yana bin kuraye a Serengeti da Ngorongoro ta ƙasar Tanzaniya har ya fitar da littafi a kansu a 1972, ya ga cewa sau da yawa kuraye ne ke yin kisa da dare, zaki ya zo ya ƙwace, gari ya waye a ga kura tana raɓe-raɓe a gefe a ce ga mai jiran saura. Dariyar nan ma ba ta jin daɗi ba ce, ta ɗar-ɗar ce, irin ta wanda aka matsa wa. Kuma wai a dangantaka ta fi kusa da kyanwa fiye da kare, abin da har yanzu idona ya ƙi yarda da shi.

Na kawo wa Hajiya wannan bayani cikin ladabi. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "To, sannu malama. Ni dai ina yarinya da kunnena na ji kukanta a bayan ganuwa, da safe kuma aka nemi akuya aka rasa. Baturen naku ya rubuta wannan?" Ban da amsa. Kurar da ke ɗauke akuya ma gaskiya ce, kuma wanda aka ɗauke wa akuya ba zai zauna yana yaba tsarin shugabancinta ba. Amma a wurina kurar nan ita ce gwanar katun ɗin, saboda halin da aka ba ta daga jikin dabbar aka ciro shi, ba liƙa mata aka yi ba.

Haka giwar take. Tsohuwa ce, mai tafiya a hankali, mai yawan tuna baya, wadda ba ta ɗaga murya amma idan ta tsaya kowa ya tsaya. A kashin da tafkin ya kusa ƙafewa, ita ta tuna wani busasshen rafi da uwarta ta taɓa kai ta tana ƙarama, ta ja garke zuwa can, suka tona yashi da ƙafa da haure har ruwa ya ɓuɓɓugo. A daji ma haka abin yake, tsohuwar mace ce ke jan garken giwaye, mazan idan sun girma fita suke yi. Da aka ce giwa tana ɗaukar ciki kusan wata 22, ni kaɗai na yi salati a ɗakin. Auta kuwa, mai shekara biyar, ta dubi giwar ta dubi kakarta ta ce, "Irin Hajiya ce." Hajiya ta yi kamar ba ta ji ba, amma tun daga ranar ba ta ƙara barin a wuce kashin giwa ba. Wadda ta yi muryar giwar ta cancanci yabo. Hausarta ta dattijai ce, tana jan magana yadda tsofaffin cikin birni ke yi. Yaran sun sa ni alƙawarin kai su Yankari su ga giwa ido da ido, alƙawarin da babansu bai san an yi da aljihunsa ba.

Belbela ta fi ba ni dariya. An yi ta 'yar tsegumi, kullum tana bayan ɓauna, ta ji nan ta kai can, kuma ba ta taɓa neman abinci da kanta sai wanda kofaton wani ya taso. Da aka zo bayanin ƙarshe, mai magana yana ta faman fayyace yadda take bin manyan dabbobi tana cafke fari da ƙwarin da suka firgita, Hajiya ta ce, "Wannan ai ba labari ba ne. Belbela ci da motsin wani." Kalma biyar, ta gama abin da suka ɗauki minti biyu suna faɗa. Bayan kwana biyu muna kan hanyar Samaru, muka ga shanun Fulani a gefen rafin Kubanni da fararen belbelu a tsakanin ƙafafunsu, yaran suka kusa fasa mini kunne a cikin keke Napep.

Wanda ya taɓa mini zuciya shi ne kashin ungulu. An yi ta mai shara, mai haƙuri, wadda ba a gayyata biki saboda wari da sanƙo, har ranar da ta yi fushi ta tafi, mushe ya ruɓe a bakin tafki, ciwo ya shiga dabbobi. Babban ɗana, mai shekara tara, ya tambaye ni, "Umma, a ina ake ganin ungulu?" Na buɗe baki zan ce ko'ina, sai na tsaya. Muna yara ba a rasa su a kan rimi, da rufin mahauta, da bayan kasuwa, har ba ma kallonsu. Na yi ta lissafi, na kasa tuna shekarar da na ga ta ƙarshe a Zariya. Irin ungulun nan tamu ta cikin gari, tun 2015 ƙungiyar IUCN, mai kula da kare halittu a duniya, ta sa ta a jerin halittun da ke dab da ƙarewa, kuma cikin abubuwan da suka jawo haka akwai guba da ake sa wa mushe da kuma farautarta don sayar da kai da sassan jikinta ga masu magani. Yaron da aka haifa a garin da ake cewa ungulu ba ki jewar banza, sai a katun ya fara ganinta.

To, yabon ya isa haka, don akwai inda suka ba ni haushi.

Zakin nan ba ya cin abinci. Kashi ashirin, ban ga ya sa ko ƙashi a baki ba. An yi shi malalaci mai son a yabe shi, kullum yana kwance a inuwa yana hamma, kuma wannan ɓangaren daidai ne, don zaki na iya shafe kusan awa 20 a rana yana hutawa, matan ne ke yawancin farauta. Amma sai ga shi yana hira da barewa kamar 'yan ajin Islamiyya ɗaya. Kurar ma da ake ta shirin farauta da ita, da an fita sai a yanke hoton, a dawo kowa ya ƙoshi. Ɗana ya ce, "Umma, to shi me yake ci?" Na ce nama. Ya ce, "Naman wa?" Ya dubi barewar, ya yi shiru. Na gane an yi haka ne don kada yara su firgita, amma wataƙila yaran wata ƙasa aka yi wa lissafi. Namu duk Babbar Sallah a gabansu ake yanka ragon da suka yi wata guda suna ba dusa, su yi kukansu, da yamma kuma su fi kowa cin soye. Ba za su suma don an ce zaki na cin barewa ba.

Abin da ya fi wannan damuna shi ne babu mugu ko ɗaya a dajin. Duk wanda ya yi laifi, kafin minti goma sha ɗaya su cika ya gane kurensa, ya ba da haƙuri, an rungume juna. Babu mai irin halin Gizo, wanda zai yi maka daɗin baki ya cinye maka gona, gobe kuma ya dawo da sabuwar dabara ba tare da ya tuba ba. Ni kuwa ina ganin yaro na bukatar ya san akwai irin wannan, don zai gamu da shi a makaranta tun kafin ya gamu da shi a kasuwa. Birin da ya kamata ya riƙe wannan gurbi an mayar da shi ɗan ihu kawai, tsalle da faɗuwa da gwalo. Auta na sonsa, ni kuwa da ya fito nake rage murya.

Hawainiyar ma sun yi mata ƙari. Duk abin da ta taka sai ta koma launinsa nan take, har da zanen jikin jakin dawa. Ta gaskiya ba haka take ba. Sauyin launinta ya fi alaƙa da zafi da sanyi, da fushi, da neman abokin aure. A katun da ke tutiyar koyar da gaskiyar dabbobi, wannan zamewa ce.

Sai fassara. Galibi ta yi kyau, amma akwai kashin da suka yi ta kiran dila "karen daji". Dila fa, malamin daji, wanda kowane yaron Bahaushe ya san sunansa kafin ya san na gwamnan jiharsu. Wani wurin kuma kiɗan baya yana danne magana, sai an kai wayar kunne. Kashi na 14 da na 15 abu ɗaya ne aka maimaita, wannan kam aikin mai turi ne, kuma ban koma ba don kuɗin mota ya fi abin da zan karɓo. Dajin kansa ba namu ba ne, na gabashin Afirka ne, shi ya sa jakin dawa ya cika ko'ina alhali ba mu da shi a dazukanmu. Na so a ce akwai bushiya, da gafiya, da shamuwar da ke zuwa mana da farkon damina ta yi sheƙa a kan bishiyoyin gari, in ruwa ya ɗauke ta nufi kudancin Afirka. Wannan tafiyar kaɗai ta isa kashi guda.

Ga mai son ya karɓa: ya dace da 'yan shekara huɗu zuwa tara. 'Yar ƙanwata mai sha biyu ta kalli biyu ta tashi. Tunda a memori yake ba ya cin data, caji kawai yake sha, wanda a unguwarmu shi ma ba ƙaramin abu ba ne. Babu shigar banza, babu zagi, babu abin da zai sa ki yi wuf ki kife waya. Ni kashi biyu nake bari a rana, bayan an dawo daga Islamiyya. In maki ake so, na ba shi bakwai cikin goma, kuma biyu daga ciki na kura ne.

Daren jiya aka ɗauke wuta, wayar kuma ta mutu, muka fito tsakar gida shan iska. Hajiya ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku." Yaran suka amsa, "Ta zo mu ji ta." Ta kama labarin Gizo da kura, har ta kai inda kwaɗayi ya sa kura ta zura kai a tukunya ya ƙi fita. Babban ya ɗaga hannu kamar a aji ya ce, "Hajiya, kura fa tana da wayo, kuma ita take farautarta."

Hajiya ta dube shi a hasken fitila ta ce, "Kai maigidan, waccan kurar waya ce. Wannan ta Zazzau ce, na san uwarta. In ci gaba ko in je in kwanta?"

Su uku suka haɗa baki suka ce ta ci gaba.