Sharhi: odar IC mai kulle bayanai daga Amurka zuwa Katsina

Kayan, wato IC ɗin ATECC608 da ake oda daga Amurka, na asali ne, ba jabu ba, kuma an shirya su da kyau cikin leda mai hana lantarki lalata su. A nan dillalin Amurkan bai da laifi. Inda odar ke tsayawa shi ne wajen takarda, kuma masu haɗa na'urori a Katsina ya kamata su san dalili kafin su biya.

ATECC608 na kamfanin Microchip ƙaramar IC ce (guntun kayan lantarki da ake dasawa a kan allon na'ura) da ke ajiye mabuɗan sirri, tana aikin SHA-256 da AES-128, wato hanyoyin lissafi na tsare bayanai. Wannan aikin ne ke sa dokar fitar da kaya ta Amurka ta shafe ta. Hukumar BIS, ƙarƙashin Ma'aikatar Kasuwanci, ita ke kula da lambar ECCN, wato lambar da ke nuna rukunin kaya a dokar fitarwa, da za ka gani a shafin kowane kaya. Kayan da aka rubuta wa EAR99 a wannan gurbin ba ya cikin jerin da aka tsaurara. 5A992 na kayan kasuwa ne da kowa ke saye. 5A002 kuwa shi ne mai tsauri, sau da yawa sai an bincika wa zai yi amfani da shi. Najeriya ba ta cikin ƙasashen da aka rufe wa ƙofa irin su Iran da Koriya ta Arewa, don haka jinkiri ne, ba hani ba.

Fom ɗin bayanin amfani, inda mai saye ke faɗin abin da zai yi da kayan, shi ne tarkon. Wanda ya rubuta "aikin makaranta" kawai, za a sake aiko masa da tambaya. A rubuta dalla-dalla: na'urar auna ruwan tanki a gona, guda nawa, a wane gari. Sunan da ke kan katin biya ya dace da na mai karɓa. Adireshin ɗan aike a Amurka, wanda zai turo kayan daga baya, yana jawo zargi. Gara a sa adireshin Katsina kai tsaye, da lambar wayar da ke shiga.

Ita kanta IC ɗin, a zaɓi ƙirar SOIC mai ƙafa 8, don ƙirar UDFN, wadda ta fi ƙanƙanta, ba ta lamuntar hannu mai rawa wajen dalma. A sayi rara ko da biyu ne, domin da zarar an kulle sashen saitinta ba ya buɗuwa, kuskure ɗaya ya isa ya mayar da ita shara.